Abin da Na Zuba Maka a Kunu

Kibiya,
Laraba da la'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Babana, ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan ka sauka Kano lafiya, kuma waɗanda suka karɓe ka suna riƙe ka da mutunci. Allah ya tsare min kai a zaune da a tafe, ya kare ka daga sharrin hanya, da sharrin maƙiyi, da sharrin masoyin da tsoro ya ɗauke wa hankali.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa, alhali ga waya a hannunka ga waya a hannuna. Jiya sau uku ina ɗaukar wayar ina ajiyewa. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina ka ci, ka san tsakanina da kai magana ba ta yin tsawo. Abin da zan faɗa kuwa bakina ba zai iya ɗauka ba. Shi ya sa na rubuta, zan ba direban motar Kano gobe da safe ya kawo maka masaukinku kafin ku ɗauki hanyar Legas.

Ga maganar. Garin kunun da na zuba maka a roba na sa a jakarka, kada ka sha, kada ka ba kowa. Akwai ƙwaya a ciki, irin wadda ake zargin 'yan dambe da sha. Ni na daka ta a ciki da hannuna. Kuma ba yau na fara ba. Kaka biyu ke nan duk kunun tsamiyar da na dama maka da ita a ciki, har wanda ka sha ranar Litinin kafin ka fita. Ka ce min masu shirya damben can za su ɗebi jininka da fitsarinka su auna kafin su bar ka ka shiga fili. In suka auna, za su same ta. Sunanka da kake taƙama da tsabtarsa, ni na ɓata shi, kai ba ka sani ba.

Na san yanzu kana so ka yaga takardar nan. Ka daure ka karanta. Ba kare kaina zan yi ba. Kurakuraina zan jera maka yadda suka faru, ko Allah ya sa ka tsira daga irinsu.

Na farko ya faru kana rarrafe. Lokacin mahaifinka yana kan ganiyarsa, da safe yana kan teburin nama, da yamma yana filin dambe. In aka buga masa kalangu daga Kibiya har Rurum babu wanda bai san taken ba. Wata rana ina masa wanki, sai na ji wani abu yana ƙara a ƙugun wandonsa, inda ake zura mazagi. Na ciro, sai ga ƙwayoyi a jere cikin takardarsu mai ƙyalli. Da ya dawo na kai masa tare da ruwan sha.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Maganin gajiya ne. Kin taɓa ganin mahaucin da ba ya gajiya?"

Na ce, "Maganin gajiya kuma a ɓoye a mazagi?"

Sai ya yi dariya, ya lakace min hanci, ya ce, "Yarinya, wanki na ba ki, ban ba ki aikin ɗan sanda ba."

Ni ma na yi dariya. Wannan dariyar ita ce kuskurena. Ina ƙaramar yarinya, ina jin daɗi in mata suka nuna ni a gidan biki suka ce ga matar wane. Daga ranar, in na tsinci abin a wanki, sai in ajiye masa a gefe, in wandon ya bushe in mayar inda na gan shi.

Akwai ranar da ya dawo daga Rurum da haƙarƙari biyu a karye. Ya zauna ya cinye tuwo kwano guda yana ba ni labarin yadda ya kai mutum ƙasa, yana ta raha. Bai san ya karye ba sai washegari da abin ya sake shi, ya kasa ɗaga kansa daga tabarma. Bayan 'yan shekaru jijjiga ta fara kama shi. Ya taɓa faɗuwa a kasuwa da wuƙa a hannu. Daga baya ƙafafunsa suka kumbura, likita ya ce ƙoda ce. A watanninsa na ƙarshe ko haɗiya ba ya iya yi sosai, amma yana roƙona ƙwayar kamar yaro, sai in murƙushe ta a cokali da ɗan ruwa in ba shi. A nan na san ɗacinta a harshena. Ba ɗacin maɗaci ba ne, ba na darbejiya ba, wani ɗaci ne mai maƙalewa a maƙogwaro.

Babana, ciwo ɗan aike ne. Allah ne ya sa shi ya zo ya gaya wa mutum ya tsaya haka nan. Wanda ya toshe wa ɗan aiken nan baki bai kori ɓarnar ba, labarinta kawai ya hana kansa ji. In ka ga abu a wurin wanda kake ƙauna, kada ka bari ya kashe maganar da wasa. Ka sake tambaya, ko da zai yi fushi. Fushin kwana uku ya fi takaba sauƙi.

Kuskure na biyu kai na yi wa kai tsaye. Da mahaifinka ya rasu kana da shekara goma sha biyu, mutane suka yi ta cewa jifa ne, wai abokan karawarsa ne suka yi masa asiri. Na ji daɗin wannan magana domin ta rufa mana asiri, na bar ta ta yi ta yawo. Wata rana ka dawo daga makaranta da leɓe a fashe, ka tsaya a bakin madafa ina tuƙa tuwo.

Ka ce, "Umma, yara sun ce wai Baba ƙwaya yake sha. Gaskiya ne?"

Ban ko juyo ba, na ce, "Ƙarfin ubanka daga Allah yake. Wanda ya sake faɗa maka haka, hassada ce."

Ka goge jinin bakinka ka fita da murna. A kan wannan ƙaryar ka gina rayuwarka. Ka ɗaure hannu don ka gaji mutumin da ni na ƙirƙiro maka, wanda ake zuba wa naushi bai ko girgiza ba. Babu irin wannan mutumin a duniya. Da na gaya maka gaskiya a ranar, wataƙila da ka yi kuka, ka ji kunya na ɗan lokaci, amma da ka san abin da za ka yi tsaro da shi. Mahaifinka mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga min hannu ba, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Wannan ya isa a tuna shi da shi. Idan Allah ya ba ka 'ya'ya, kada ka yi musu ado da ƙarya a kan kowa, ko a kaina. In sun tambaye ka wace ce kakarsu, ka faɗa musu har da wannan.

Na uku shi ne babba. Ka tuna kakar da ka dawo daga Zurgu da muƙamuƙi a kumbure, gira a tsage, ka yi kwana tara sai ruwan koko kake zuƙa? Ina kallonka ina ganin kamar ana yankar naman jikina. Na roƙe ka ka bar damben, ka ce in yi haƙuri. A cikin kwanakin nan Baffanka Iliya, ƙanin mahaifinka, wanda yake ɗaure maka hannu in za ka shiga fili, ya shigo da wani ƙulli a leda. Ya tarar da ni ina surfe.

Ya ce, "Yaya, sannu da aiki. Ga wannan, maganin tsari ne na gidanmu. Ki riƙa zuba masa kaɗan a kunu, amma kada ki gaya masa."

Na ce, "In na gado ne, me ya sa ba za a gaya masa ba?"

Ya ce, "Kin san ɗan naki da boko. Shi komai sai ya ga an rubuta a jikin kwali. Ko rubutu aka ba shi sai ya tambayi wane malami ne."

Na kwance ƙullin. Garin sassaƙe ne ja, amma da ɗigo-ɗigon fari a ciki. Na dangwala na kai baki. Babana, tun kafin in haɗiye yawu na gane shi.

Na ce, "Iliya, ka ji tsoron Allah. Wannan shi ya kai yayanka kabari."

Bai musa ba. Ya tsuguna ya rage murya ya ce, "Yaya ya wuce ƙa'ida ne. Wannan ɗan kaɗan ne. Kina tsammanin waɗanda suke fasa masa fuska ruwan rijiya suke sha? Kowa a filin nan da abin da ya taka. Ɗanki ne kaɗai yake shiga da tsoka zalla. To ki zaɓa, ko ya dawo miki da ƙafarsa, ko a riƙa kawo miki shi a kan babur kamar buhun dawa."

Ya tafi ya bar ƙullin a kan turmi. Ya kwana biyu a wurin ban taɓa shi ba. A rana ta uku na ji ka kana nishi a ɗaki kana ƙoƙarin tauna ɗumame, sai na ɗauka. Na ƙara citta da kanumfari da tsamiya don su danne ɗacin. Ka sha ka ce, "Umma, kunun yau ya yi yaji, ya yi daɗi." Na ce Allah ya yi maka albarka.

Kada ka ɗora wa Baffanka duka. Shi ya kawo, kuma shi ya ci gaba da kawowa, amma ni na san abin da ke ciki fiye da kowa a duniya, kuma ni na dama. Na ga alamomin duka a jikinka: barcinka ya ragu, kana yawan sosa hannu da wuya, abinci ba ya yi maka daɗi. Ranar da na je Rano gaisuwar mutuwa na kwana biyu ba ka sha kunun ba, na dawo na tarar kana gumi kana faɗa da kowa, ka ce zazzaɓi ne. Na san ba zazzaɓi ba ne. Na shiga madafa na dama maka, kafin azahar ka warware.

Nasihata a nan gajeriya ce. Duk abin da aka ce ka yi wa mutum don amfaninsa amma kada ka gaya masa, ka tsaya ka dube shi da kyau. Kuma duk wanda ya ce maka kowa ma yana yi, yana nema maka abokan zunubi ne. Ni ban san ko kowa yana yi ba. Ban taɓa bincikawa ba, domin ina so maganar ta zama gaskiya.

Sai maganar Habu, yaron nan na Yalwa da kuka kara da shi a Rano bara. Ni ba na zuwa fili, amma ƙannenka sun nuna min a waya. Na ga ya zuba maka naushi uku a jere a tsakiyar fuska, irin wanda ko sa aka yi wa sai ya durƙusa, kai kuwa ko ƙifta ido ba ka yi ba. Na ga ka kai shi ƙasa a turmi na biyu, aka ɗauke shi ranga-ranga. Mutane suna ta ihu suna maka liƙi. Ni abin da na gani shi ne mahaifinka yana cin tuwo da karyayyen haƙarƙari.

Da Habu ya farfaɗo ya ce shi dai ya san naushinsa, wanda ya sha uku bai motsa ba ba shi kaɗai yake ba. Magana ta bazu, har dattawan fili suka kira ka. Ka shigo gida ranka a ɓace, ka yi alwala, ka ce min, "Umma, zan je in dafa Alƙur'ani a gabansu. Ki sa min albarka." Ina zaune ina tsince shinkafa. Kalma ɗaya ta isa ta tsayar da kai. Na buɗe baki na ce, "Allah ya bayyana gaskiya." Ka je ka dafa Littafin Allah ka rantse ba ka taɓa sa ƙwaya a bakinka ba. Kai da zuciya ɗaya ka rantse. Ka tambayi malamai hukuncin wannan, ni dai na san a wuyan wa nauyin yake.

Bayan rantsuwar gari ya juya wa Habu baya. Aka ce rago ne, an kai shi ƙasa ya rasa abin faɗa. Yara suka sa shi a waƙa. Wata guda bayan haka muka haɗu da mahaifiyarsa, Lami, a wani suna a Rurum Tsohon Gari. Ta zo har inda nake zaune cikin mata, ba faɗa ta zo yi ba.

Ta ce, "Maman Baba, ni da ke duk mun haifa. Ɗana bai saba ƙarya ba. Don Allah ki bincika naki."

Na ji duk idon mata ya dawo kaina. Sai na gyara mayafi na ce, "Wanda ya dafa Alƙur'ani ne za a bincika? Ki koma gida ki ƙara wa naki tuwo. In ba shi da ƙashin dambe, ga noman rani nan, albasa ba ta rama duka."

Mata suka kwashe da shewa. Lami ta tsaya tana kallona, sannan ta ɗauki takalmanta a hannu ta fita. Ban taɓa wulaƙanta mutum kamar yadda na yi mata ba, kuma na yi ne domin ita ke da gaskiya. Ka kiyayi wannan hali, Babana. In ka ji bakinka ya yi kaifi fiye da kima a kan wanda ya zarge ka, ka dubi cikinka tukuna.

Ranar Litinin da ka shanye kunu, ka saɓa jaka, sai ka juyo a bakin zaure fuskarka cike da fara'a ka ce, "Umma, can ba a rantsuwa, ba a surutu. Likita ne zai auna. Takardar zan kawo in manna a filin Rano kowa ya karanta." A nan ma na yi shiru, na ce Allah ya kiyaye hanya. Wannan ne shiruna na ƙarshe.

Ga abin da nake roƙonka. Ka zubar da garin a masai. Kafin a ɗebi jininka, ka je wurin likitan da manyan tafiyar ka faɗa musu da bakinka, in sun ƙi yarda ka nuna musu wannan takarda, ban hana ba. Ban sani ba ko za su saurare ka. Mai yiwuwa su ce kowane mai laifi da uwar da yake laɓewa bayanta, su sallame ka. Ko da haka ne, gara ka faɗa da a kama ka. Sannan ka sani jikinka zai nemi abin. Za ka yi gumi, gaɓoɓinka za su yi ciwo, barci zai gagare ka. Kada ka yi ƙoƙarin daurewa kai kaɗai, ka nemi likita ya taimake ka ka rabu da shi a hankali. A cikin kwanakin nan wani zai matso kusa da kai ya ce yana da ɗan abin da zai sa ka warware. Ka guje shi ko da ɗan'uwanka ne. Kada Baffanka ya sake ɗaure maka hannu.

Akwai abin da ba zan iya gyarawa ba, shi ne ya fi hana ni sukuni. Duk nasarar da ka yi a kaka biyun nan, babu wanda zai taɓa sanin wacce ce taka wacce ce ta ƙwaya. Ni ban sani ba, kai ma ba za ka sani ba. Wataƙila da ka kai Habu ƙasa ko ba komai a cikinka, domin ka yi gudu, ka yi horo, na ga guminka. Wataƙila kuma da shi ne yau yake hanyar Legas. Na raba ka da sanin iyakar ƙarfinka, kuma ba ni da inda zan samo maka shi.

Kada ka yi tunanin rufe maganar don ka kare ni, ta riga ta fita. Yau da safe na hau babur na je Yalwa. Na tarar da Lami tana shanya kuɓewa a tsakar gida, Habu yana zaune a gindin bango yana gyara ƙotar fartanya. Na durƙusa a gabanta na faɗi duk abin da na rubuta maka. Ba ta zage ni ba, ba ta ba ni tabarma ba. Ta bari na gama, sannan ta nuna ɗanta da baki.

Ta ce, "Ba ni za ki gaya wa ba, ga shi can. Ki zagaya ta damansa, ki ɗaga murya. Tun ranar kunnen hagun bai ƙara jin komai ba."

Na zagaya na maimaita daga farko, da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Da na gama ya ajiye fartanyar. Sannan ya ce, "Shi ya sani?" Na ce ba ka sani ba. Ya ce, "To ki ce masa na gaishe shi." Ga gaisuwar na isar. Abin da ya rage tsakaninka da shi, kai za ka taka da ƙafarka ka je.

Ban roƙi ka yafe min yanzu ba. In ka dawo ka ga ba za ka iya cin abin da hannuna ya dafa ba, ƙanwarka za ta riƙa girka maka, ba zan ce komai ba. Ka dai dawo.

Allah ya tsare ka a inda idona ba ya kaiwa. Ya ba ka ƙarfin faɗin gaskiya a gaban waɗanda ba su san ka ba, ya sassauta maka ciwon da ke tafe, ya wanke jininka daga abin da na zuba masa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba Habu lafiya, ya dawo min da kai gida da ranka da imaninka, ko da babu suna, ko da babu kiɗa.

Wassalam.

Ni ce,
Mahaifiyarka.